Outlook Express ta daina karɓar saƙonnina na imel

Assalamu alaikum. Tun da kamfanin da ke ba ni intanet ya wajabta amfani da TLS 1.2 (wani tsari na tsare bayanan da ake aikawa ta intanet), manhajar Outlook Express 6 da ke kan Windows XP ɗina ta daina karɓar saƙonni. Idan na danna maɓallin karɓa, sai ta yi jim, sannan ta nuna kuskuren 0x800CCC0F, wato sabar ta katse haɗin.

Na mayar da lambar tashar karɓar saƙo (POP3) zuwa 995, ta aika saƙo (SMTP) zuwa 465, na kunna zaɓin tsaro na SSL, amma ko gezau. Kalmar sirrina kuwa daidai take, domin da ita nake buɗe akwatin a burauza.

Shin akwai yadda zan sa wannan tsohuwar manhaja ta yi aiki da TLS 1.2? Na gode.