Labaran "a ɓoye sunana": salon namu ne ko na aro?

Malamar Hausa, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Makon jiya na ba ɗalibaina aikin rubuta gajeren labari, sai da yawansu suka buɗe da "Don Allah a ɓoye sunana", suka jero gajerun layuka babu gabatarwa, kamar yadda suke gani a Facebook. Wata yarinya ta ba da labarin kishiyar uwa cikin layi tara kacal, har sai da na ajiye jan biro na sake karantawa. Daga ina wannan salo ya samo asali?

Ɗan Samaru:
Wa alaikumus salam, Malama. Salon ya daɗe a intanet. An buɗe dandalin tattaunawa na intanet mai suna 2channel a Japan a 1999, sannan Christopher Poole ya kafa irinsa mai suna 4chan a Amurka a 2003 yana ɗan shekara 15, kuma duka biyun ba sa neman sunan mai rubutu. A 4chan, layin da aka fara da alamar ">" yakan fito kore, shi ya sa aka saba ba da labari layi-layi, kowane layi da abin da ya faru. Ba zan ce daga can ɗalibanki suka kwaso kai tsaye ba, amma dalilin ɗaya ne: wanda ba a san shi ba dole ya kama mai karatu tun daga layin farko.

Dattijo, Tukur-Tukur:
'Yata, ɓoye mawallafi ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin babu wanda ya san wanda ya ƙagi Gizo da Ƙoƙi. Abin da ke damuna shi ne, kakata takan rufe tatsuniya da "ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ba don Gizo ba da na yi muku ƙarya", mu tashi mun san ƙage ne, alhali waɗannan labarai da rigar gaskiya suke zuwa. Dodon nan Slender Man an ƙirƙire shi ne a intanet a 2009, amma a 2014 wasu 'yan mata biyu masu shekara 12 a jihar Wisconsin ta Amurka suka daba wa ƙawarsu wuƙa saboda sun gaskata da shi.

Malamar Hausa, Tudun Wada:
Na gode, Baba. Sai dai na kira yarinyar nan gefe bayan an tashi, ta sunkuyar da kai ta ce labarin gidansu ne, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.