Neman kalma: me za mu kira parent training a rediyo?

Hajara: Jama'a a taimaka. Gobe da safe zan naɗi shirin lafiyar yara a nan Jos, baƙona likitan ƙwaƙwalwa ne. Maganar koya wa iyaye yadda za su bi da yaro ɗan shekara 2 zuwa 7 mai duka da jifa da birgima ce. Na rubuta "horon iyaye", amma bai kwanta min ba.

Malam Sabo: Ai da gaskiyarki. Mai sauraro a Farin Gada zai ɗauka dorina za a ba iyaye su zane yaro. Ki ce tarbiyyar iyaye.

Maman Ilham: Haba Malam! Ka ce wa magidanci ya zo a yi masa tarbiyya? Ko leƙowa ba zai yi ba.

Dokta Binta: Ku duba yadda ake yin abin. A tsarin da masaniyar halayyar ɗan Adam Sheila Eyberg ta fito da shi a Amurka a shekarun 1970, uwa tana wasa da yaronta a ɗaki, ƙwararre na bayan gilashi yana faɗa mata ta na'urar kunne: yaba masa yanzu, wannan ki share shi, ba shi umarni ɗaya tak. Gwaji ne da maimaici. Ni dai "bita" nake cewa, kamar bitar alhazai.

Lawan Ɗan Kano: Bita ta ma'aikatan gwamnati ce, a sha lemo a karɓi alawus. Tun bara na ƙirƙiro "renantarwa", daga reno, kamar ilmi da ilmantarwa. Kuma tarbiyya Larabci ne.

Malam Sabo: Ilmin naka fa, Hausa ce?

Lawan Ɗan Kano: Mutanen da ke cewa "mace ya zo" ne za su gyara min Hausa?

Maman Ilham: To, an fara. Hausarmu ta Jos dai da ita ake ciniki a Taminus, kowace ƙabila tana ji. Renantarwarka ko a kasuwar Kurmi ta Kano sai ka yi fassara.

Lawan Ɗan Kano: Kowace kalma da baƙunta ta fara.

Hajara: Yaya Lawan, minti 25 gare ni, ba zan ɓatar da biyar a kan kalma ɗaya ba. Na ɗauki "bitar iyaye kan dabarun reno". Yaran fa? Masu ƙiriniya?

Dokta Binta: Kowane yaro yana ƙiriniya. Ki ce wadda ta wuce misali, har ake kai ƙara daga makaranta.

Lawan Ɗan Kano: Ya yi tsawo. Amma tunda renona yana ciki, na bari zuwa gobe.