Neman taimako kafin gobe da safe: me za mu kira "feedback" da Hausa?

Ɗan Fagge: Salam 'yan uwa. An ba ni fassarar sanarwa da takardar tambayoyi da za a raba a unguwanni kan daftarin tsarin sauyin yanayi da makamashi na birnin Kano, gobe ƙarfe 9 za a naɗa a rediyo. Fassara "sauyin yanayi" ba matsala, "masu ruwa da tsaki" ba matsala, amma "community feedback" ta tsaya min a wuya. Abin da suke nufi, an rubuta daftari, a kawo wa mutane su duba batun magudanan ruwa da gawayi da sola da hayaƙin adaidaita, su faɗi inda bai yi ba, a koma a gyara. Na sa "jin ra'ayin jama'a" amma raina bai kwanta ba.

Maman Hanif: Martanin jama'a mana.

Bakatsine: A'a Hajiya, martani da zafi yake zuwa, sai an taɓa ka kake mayar da martani. Tsokaci ya fi.

Maman Hanif: Tsokaci na masu sharhin jarida ne, mai kosai a Kurna ba ta tsokaci.

Malam na Gwale: Ku saurara yara. Amsa-kuwwa. Na daɗe ina koyar da ita a aji. Ka yi kira, kiran ya bugi dutse ya dawo maka, hukuma ta yi magana jama'a su dawo mata da ita. Hausa ce zalla ba aro, su ra'ayi da shawara da sharhi duk Larabci ne kuka ɗauko.

Ɗan Fagge: Allah ya gafarta Malam, tsorona mutane za su ɗauka lasifika ake nufi, ita ma amsa-kuwwa ake ce mata.

Uwar Biyu: Ni ba lasifikar ce damuwata ba. Amsa-kuwwa abin da ka faɗa shi take dawo maka da shi ba ƙari ba ragi, wato 'yan amshi, kuma wallahi abin da ya kashe irin waɗannan tarukan kenan. Na halarci wani a unguwarmu, an jera kujerun roba, an raba ruwan leda, wani ya karanta takarda da Turanci, mai unguwa ya ce mun gode, aka ɗau hoto aka watse. Wata tsohuwa ta ɗaga hannu tana so ta faɗi yadda aka cike kududdufin bayan gidanta aka yi shaguna, tun daga nan duk damina ruwa cikin ɗakinta yake kwana, aka ce lokaci ya ƙure. Ita ta san inda ruwan yake bi fiye da wanda ya zana taswirar. Dan Allah Ɗan Fagge ka nemo kalmar da za ta nuna mutum yana da ikon cewa a'a.

Malam na Gwale: Wannan laifin masu taro ne ba laifin kalma ba. In an yi ta amfani da ita ma'ana za ta zauna, haka makamashi ya zauna, da can itace da kara kawai ake nufi, yau har lantarki da gas ya ɗauka.

Bakatsine: Malam da girmanka, ita "jama'a" da kake faɗa daga ina ta zo? Lokaci fa? Malam ɗin ma? In za mu zubar da Larabci rabin bakinmu ya tafi.

Na Maraɗi: Mu nan ba mu da wagga wahala, in magajin gari ya kira mutane sai mu ce an zo jin ta bakinmu, shi ke nan. Ku Kanawa kun cika son sai kun ƙera kalma sannan ku ce kowa ya bi ku. Lokacin da anka katse muna wuta daga Najeriya a watan Agusta 2023 wa ya ji ta bakin mai injin niƙa a Maraɗi?

Ɗan Sabon Gari: Ba wanda ya ce ku bi mu, amma daidaitacciyar Hausa a kan Kananci aka gina ta, ita ake bugawa ita ake karanta labarai da ita, wannan ba fahariya ba ce.

Bakatsine: An gina ta a kan Kananci don turawa sun ga dama, ba don ta fi ba. Je Daura ka ji Hausa.

Malam na Gwale: Kun ga abin da nake faɗa. Shekara nawa jami'o'inmu suna zaman ƙirƙirar kalmomi, Jami'ar Bayero na da cibiya sukutum ta nazarin harsuna, amma yaro ya buɗe baki a rediyo ya ce "fidbak" ba kunya. Ciwo yake min.

Ɗan Fagge: Jama'a dan girman Allah ƙarfe 11 ta wuce.

Injiniya mace: Bari in taimaka ta fuskar aikin. Abu uku ne aka dunƙule a kalma ɗaya shi ya sa ta ƙi fassaruwa, akwai kiran mutane, akwai abin da suka faɗa, akwai dawowa a gaya musu me aka yi da shi. Na ukun ne kullum yake ɓata. Najeriya ta yi dokar sauyin yanayi a 2021, ta ɗau alkawarin daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2060, an buɗe tashar sola mai megawat 10 a Kumbotso a Janairun 2023, amma tela a Fagge abin da ya sani shi ne a Afrilun 2024 kuɗin wutar rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, ya tashi zuwa naira 225 kowane yunit, a Oktoban shekarar kuma Arewa ta shafe kwanaki cikin duhu. 'Yan Kantin Kwari sun ga ruwa ya shiga shaguna ya jiƙa atamfofi a daminar 2022. Waɗannan mutanen ba ra'ayi ne da su ba, sani ne da su, in ka ce "ra'ayi" ka riga ka rage masa nauyi, kowa da nasa ake cewa. Ka raba kalmar. Taken sanarwa "Jin ta bakin jama'a" kamar yadda ɗan uwanmu na Maraɗi ya ce. Akwatin da za su cike, "Gyaran da kuke so a yi". Sannan ka roƙi masu aikin su ƙara layi, ranar da za a dawo da bayanin abin da aka karɓa da wanda ba a karɓa ba da dalili.

Uwar Biyu: Gyara! Ita ce. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba, hukuma ba za ta ji an zage ta ba, mu kuma mun san ba gaisuwa aka kira mu ba.

Maman Hanif: A rediyon dai ka ce ku zo ku tofa albarkacin bakinku, ya fi daɗin ji.

Uwar Biyu: A buɗe da ita ba laifi, amma kar ta hau takarda, albarkacin baki ana ji ne a ce an gode.

Malam na Gwale: Jimla ce wannan ba kalma ba, ranar da kuka zo rubuta ƙamus za ku neme ni. Amma tunda gobe ne, sa "gyara" ɗin, ita dai tamu ce.

Ɗan Fagge: Na gode Malam, na gode kowa. Na sa "Jin ta bakin jama'a" a sama, "Gyaran da kuke so" a akwatin. Layin ranar dawowa na tura musu yanzu, ba ni ke da iko da shi ba, in sun ƙi zan sake kira da asuba. Saura "resilience", na rubuta juriya.

Bakatsine: Juriya haƙuri ce kawai, ba ta nuna an farfaɗo. Buɗe mata wani zaren.