Dendrite na fanel: tsatsa ne, tsiro ne, ko yaɗo?

Tambayar da aka kawo ita ce sunan da za a ba dendrite da Hausa, wato siraran rassan ƙarfe da ke girma a kan fanel (allon da ake jera ƙananan kayan lantarki a kai a cikin na'ura), domin masu koyon gyaran waya da inbata a Wunti, da ɗaliban lantarki a makarantun Bauchi, suna cin karo da kalmar a rubuce, amma a bakin aiki abin ba shi da suna. Shawarwari uku ne suka fito: tsatsa, tsiron ƙarfe da yaɗon ƙarfe. Ni ina goyon bayan ta ƙarshe, kuma hujjata tana cikin yadda abin yake samuwa.

Ba ya samuwa sai abubuwa uku sun haɗu a kan fanel: danshi, da datti mai narkewa a ruwa irin gishiri ko ragowar fulaks (maganin da ake shafawa don dalma ta kama ƙarfe), da kuma wutar batir tsakanin hanyoyin wuta biyu na kan fanel da ke kusa da juna. Idan sun haɗu, ƙarfen da ke ɓangaren fozitif yakan narke kaɗan-kaɗan cikin danshin, ƙwayoyinsa su bi jan wuta zuwa ɓangaren negetif, su daskare a can, sannan su riƙa taruwa suna yin rassa suna komowa wajen fozitif har su haɗe hanyoyin biyu. Azurfa ce ta fi saurin yin haka, kuma tun 1955 masu bincike na Bell a Amurka suka yi rubutu a kanta, amma kuza da dalma da tagulla ma suna yi. Wani lokaci wutar da ta bi ta siririn reshen takan ƙone shi, na'ura ta dawo aiki, daga baya ya sake girma. Wannan na daga cikin abin da ke sa inbatar da ta yi rani lafiya ta fara ɗaukewa tana dawowa a watan Agusta, lokacin da ƙurar hunturun da ta kwanta a kan fanel ta sha danshin damina.

Wanda ya kawo shawarar tsatsa yana da uzuri, domin sau da yawa ana ganin su tare, kuma ido ba ya rabe su sai da madubin ƙara girma. Sai dai tsatsa ƙarfe ne da ya lalace a inda yake, kuma yawanci tana hana wuta wucewa, shi kuwa wannan ƙarfe ne da ya bar wurinsa ya buɗe wa wuta hanyar da ba a tsara ba. Yaron shagon da aka ce masa tsatsa ce zai tafi neman inda hanya ta yanke, alhali ciwon shi ne hanyoyi biyu sun haɗe.

Shawarar tsiro kuwa ta fi kusa da asalin kalmar, wadda ta fito daga sunan bishiya a Girkanci, amma ina roƙon a ajiye ta saboda wani abu daban da ke jiran suna. Akwai siririn gashi da ke fitowa daga jikin kuza zalla, yana miƙewa sama saboda matsin da ke cikin ƙarfen, ba ya bukatar danshi ko wuta, kuma damuwa a kansa ta ƙaru bayan da Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da dalma a kayan lantarki a 2006. Wannan shi ya cancanci a kira shi tsiron kuza, kuma wanke fanel ba ya maganinsa.

Yaɗo kuwa kowa ya san shi a kabewa: ba ta tashi sama, ƙasa take bi, tana rassa tana cin wuri. Haka dendrite yake bin fuskar fanel. An yi ƙorafin cewa kalmar za ta sa a zaci abu ne mai rai kamar fumfuna, amma da zarar an ce yaɗon ƙarfe wannan zato ya kau, kuma tana ba da aikatau ba tare da wahala ba: ƙarfe ya yi yaɗo tsakanin ƙafafun aisi (IC, ɗan ƙaramin kayan lantarki mai ƙafafu da yawa da ake liƙawa a kan fanel).

Fulaks ɗin kansa ban ga dalilin canza masa suna zuwa sinadari ba. Sinadari, wanda maƙeran farfaru suka sani a wajen haɗa ƙarfe, ya riga ya faɗaɗa har ya zama sunan kowane haɗi. Abin da ya kamata a kiyaye shi ne kada a kira ragowarsa datti kawai, domin ba duka ke da haɗari ɗaya ba. Nau'in da ke narkewa a ruwa dole ne a wanke shi tas. Nau'in da aka ce ba ya bukatar wanki, wanda ya bazu bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta kawar da sinadaran da masana'antu ke wanke fanel da su a da, ba ya cutarwa ne kawai idan ya sha zafin da ya dace, kuma a aikin hannu fulaks ɗin da ya malale gefe ko ya shige ƙarƙashin aisi yakan rage da ƙarfinsa. Wankin rabi da rabi ya fi bari muni, domin goga fanel da ɗan sifirit yana narkar da ƙaron da ya rufe asid ɗin da ke cikin fulaks, ya baza shi ko'ina, shi ne farin tabon da ake gani bayan ya bushe. Wanda zai wanke sai ya nemi barasar aisofurofil mai kashi 99, ya goge da buroshi, ya tsane da ƙyalle mai tsabta kafin ta bushe, ya maimaita, kuma kada ya ba fanel wuta sai ya tabbatar ƙarƙashin aisi ya bushe.