Shawarwarin da muka tattara kan rubuta ƙari ga Pidgin

Ranar kasuwar Gujungu, bayan la'asar, muka zauna a shagon cajin waya da matasa masu koyon rubuta manhaja, kwamfuta ɗaya a kan benci, janareta na ta ruri. Zancen ƙaramin ƙari (plugin) ne da ake liƙa wa Pidgin, manhajar hira ta intanet, don ya riƙa fitar da saƙonnin gano kuskure.

Kowa ya nanata a fara da kaɗan. A harshen rubuta manhaja na C, sa purple_debug_info (umarnin da ke buga saƙon) cikin plugin_load (sashen da ake kira idan an loda ƙarin), ka ba saƙonninka suna na musamman, don ka gane layinka cikin tulin saƙonnin da libpurple, injin da Pidgin ke tafiya a kansa, ke zubowa. Kuma lallai plugin_load ya dawo da TRUE, in ba haka ba ƙarin ba zai tashi ba. Wannan kaɗai ya cinye wa wani ƙanenmu yini guda.

Fayil ɗin .so, wato ƙarin bayan an harhaɗa shi, a ajiye shi a ~/.purple/plugins, a buɗe Pidgin da umarnin pidgin -d, saƙonnin su bayyana a tagar umarni. Gwaji kuwa, da asusu na daban.

Abin da ya fi damuna: kada a kuskura a buga kalmar sirri ko hirar mutane cikin saƙonnin nan, domin su ake kwafa a tura wa baƙi idan ana neman taimako.