Wa ya taɓa kallon Sarah and Son na 1930? Ina da tambaya kan riƙon yaro

Ummu_Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah akwai wanda ya taɓa kallon wani tsohon fim na Amurka mai suna Sarah and Son? Na 1930 ne, baƙi da fari, lokacin da fim ya fara magana kenan. Labarin wata mata ce Sarah, talaka, ta auri wani malalacin miji, da ta haihu sai mutumin nan ya ɗauke jaririn ya sayar wa wasu masu kuɗi ya yi gaba abinsa ba tare da ta sani ba. Ta sha wahala har ta zama babbar mawaƙiya ta yi suna ta yi kuɗi amma hankalinta na kan ɗanta, shekaru suna ta tafiya tana nema har wani lauya ya shigo ya taimaka mata.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne yaron ya riga ya girma a wancan gidan, matar can ita ya sani uwa, ita ta yi masa wanka ta kwana a kansa in ba shi da lafiya. Fim ɗin yana bayan Sarah ne kuma ni ma ina bayanta, amma wallahi tausayin ɗayar matar ya kama ni. To in a nan Sakkwato ne abin ya faru, ya za a yi? Wadda ta haifa ko wadda ta rena?

Bello Arkilla:
Wa alaikumus salam Yaya Ummu. Na kalle shi, kamfanin Paramount ne suka yi, kuma mace ce ta ba da umarni, Dorothy Arzner, wanda a wancan zamanin da wuya ka ga mace a kujerar darakta a Hollywood. Ruth Chatterton ita ce Sarah, har an sa ta cikin masu takarar Oscar, babbar kyautar fina-finai ta Amurka, saboda wannan fim ɗin amma Norma Shearer ta ɗauka a shekarar. Lauyan kuma Fredric March ne yana saurayi.

In kin lura mutanen ciki ba sa yawan motsi, suna tsayawa wuri ɗaya su yi ta magana, dalili shi ne a 1927 aka fara fim mai magana, shekara uku kacal, na'urar ɗaukar murya ba ta da ƙarfi sai an tsaya kusa da ita, kyamara kuma ƙararta na shiga sai an kulle ta cikin wani ɗan ɗaki.

Kuma maganar sayar da jariri ba ƙirƙira ce kawai ba fa. A daidai shekarun nan akwai wata mata Georgia Tann a garin Memphis na Amurka da ke riƙe da gidan marayu, daga 1924 har 1950 tana karɓe 'ya'yan talakawa da dabara tana miƙa wa masu kuɗi, wasu iyayen ma a ce musu ɗansu ya mutu. 

Malam Sani R/Sambo:
Malama Ummu, a shari'a wannan ba ta da ruɗani. Cinikin ɗa haramun ne, ɓatacce ne tun daga tushe, uba ba shi da ikon sayar da ɗansa ko da yunwa za ta kashe shi. Na biyu, Musulunci ya yarda da riƙo, har ya kwaɗaitar da riƙon maraya, abin da ya hana shi ne a canza wa yaro nasaba. Ki duba Suratul Ahzab aya ta 4 da ta 5, an yi umarni a kira su da sunan ubanninsu, kuma Zaidu ɗan Harisa da ake kira Zaidu ɗan Muhammadu aka mayar masa da sunan mahaifinsa. Ɗan riƙo ba ya cin gadon mai riƙonsa, amma ana iya yi masa kyauta ana raye ko wasiyya da ba ta wuce sulusi ba.

Sai dai in matar ta shayar da shi yana cikin shekarun shayarwa, to ta zama uwarsa ta shayarwa, 'ya'yanta 'yan uwansa ne babu aure tsakaninsu, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi ko kaɗan ne ya isa cikinsa ya wadatar. Yaro dai na Sarah ne. Amma babu inda aka ce ya yanke wadda ta rene shi, kyautata mata yana kansa.

Hajiya Inno:
Ummu ɗiyata, ni riƙo anka yi mani, bari in ba ki nawa. Ni ce ɗiyar fari, kin san kunyar ɗan fari irin ta da, uwata ko sunana ba ta faɗi, ana yaye ni goggona taz zo tat tafi da ni gidanta don ita Allah bai ba ta haihuwa ba. Ita tay yi mani kitso, ita tas sa ni makarantar allo, ita tat tara mani kwanoni da tasoshi tun ban san mi a aure ba, ranar da za a kai ni ɗaki ita ce tay yi kuka har muryarta ta dushe, uwata kuwa tana can ƙuryar ɗaki ba ta ko fito ba don kunya.

Amma ko rana ɗaya goggo ba ta ɓoye mani wadda ta haife ni ba. Duk Sallah ita da kanta za ta ɗaura mani zane ta kama hannuna ta kai ni in gaishe ta, in wuni da ƙannena. Shi ya sa ban taɓa jin an raba ni biyu ba. Su waɗancan na fim ɗin kuɗi sunka ba da kuma sunka ɓoye, nan ne tausayina gare su ya rage, don matar da ta san akwai uwa tana yawo tana neman ɗanta kuma ta yi shiru ta san abin da take yi. Kuma mu ma kar mu wanke kanmu, akwai gidajen da ɗan riƙo shi ne mai talla shi ne mai wanke-wanke, 'ya'yan gida na makaranta shi yana bakin murhu, na gani da idona a unguwarmu kuma har yau yana ci mani rai.

Ummu_Mabera:
Allah ya saka da alheri Malam, Hajiya na gode ƙwarai Allah ya jiƙan goggo. Dalilin tambayar dama ƙanwar maigidana ce ke son a ba ta 'yar autarmu riƙo, shekara tara da aure ba ta samu ba, ni kuma zuciyata ta kasa. Malam in na yarda, ina da ikon sa sharaɗin ta riƙa zuwa min duk hutun makaranta, kuma in karɓe ta in na ga ba ta jin daɗi?

Malam Sani R/Sambo:
Kina da shi, renon ƙaramar yarinya haƙƙinki ne kafin na kowa. Ku zauna da maigidan da ita ƙanwar tasa a gaban manya biyu a faɗi sharaɗin a fili tun kafin yarinyar ta bar gida.