Ma'aikatan lafiya, wane irin shugaba ne ya sa kuka ji daɗin aiki?

Anfirmiye, Yamai: Salamu alaikum 'yan uwa. Kullum ana cewa ba mu iya tarbon marasa lafiya ba, to kowa ya faɗi abin da ya gani da idonshi. Ni na yi aiki ƙarƙashin majoro (shugaban anfirmiye) biyu a sarbis guda, mutane ɗaya albashi ɗaya. Na farko ba ka ganinshi sai ran da za a fidda sunayen masu tafiya formasiyo (horon ƙara sani), kuma kullum mutanenshi ne ke cin perdiyem ɗin, kuɗin da ake ba masu tafiya. Wadda ta canje shi bakwai da rabi tana nan, ta liƙa takardar gardi (aikin kwana) a bango kowa na gani har da sunanta ciki, formasiyo kuma bi da bi. Wallahi masu latti da kansu suka daina.

Anfirmiya, Tawa: Hakanan ne ɗan uwa. Mu nan daga agusta zuwa oktoba masassarar sauro ke cika wajen yara, biyu uku bisa gado guda. Likitan da munka yi aiki da shi tsakar dare yake zuwa, ya duƙa ya tayaka neman jijiyar yaron da jini ya ƙare mai, da sahe ya bi mu ɗai ɗai da sannu da aiki. Don kunyarshi ma ba ka iya barin gardi.

Benebol: Ku dai kuna da albashi. Ni tun da na gama lakwal nake aiki kyauta, kuɗin kabu kabu ma gida nake amsa, amma in an yi kuskure mu ake fara yi wa tsawa gaban majinyata. Yaya za ka sake fuska haka don Allah?

Sajfam (ungozoma), Yamai: Ƙanena Allah ya kawo matrikil (lambar ɗaukar aikin gwamnati). Ni abin da ya fi ci min rai gratuwite ne. Tun 2005 aka ce sezariyan kyauta, a 2006 kuma aka ƙara da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5, amma kuɗin da gwamnati ke mayarwa suna jinkiri, sai farmasi ta wayi gari ba ko safar hannu. Ka rubuta ordonansi (takardar sayen magani) mijin mai haihuwa ya ce kai ka sace. Shugabarmu ta da ofis take shiga ta rufe, ta yanzu ita ke fitowa ta yi wa dangi bayani da bakinta, mu mu ci gaba da aiki.

Anfirmiye, Yamai: Na gode. Waɗanda ke CSI (ƙananan asibitoci) na ƙauye fa, inda mutum guda shi ne majoro shi ne mai gardi, muna jiran naku.